Yadda Ake Sabunta Tauraron Tsohon Labari: Misali da Macijiyar Kusugu

Masu sakin labari a Wattpad da WhatsApp, da masu zane a waya, sukan ɗauko taurarin almara su sake musu kama. Mugu ya koma abin tausayi, wadda aka hana magana ta samu baki. Inda aikin ya fi lalacewa wuri ɗaya ne: a canja wa tauraro riga, a manta da aikin da yake yi a cikin labarin. Za mu bi matakan da misali guda, wato macijiyar rijiyar Kusugu ta Daura, wadda ake kira Sarki.

Matakin farko, ka tara ruwayoyi aƙalla uku kafin ka rubuta komai. Ɗaya daga bakin dattijo ko tsohuwa, ɗaya daga littafin tarihi na makaranta, ta uku daga duk inda ka samu. Ka jera su a takarda. Za ka ga sun haɗu a kan wasu abubuwa: baƙo mai suna Bayajidda ya taso daga Bagadaza ya biyo ta Borno, maƙeran Gaya sun ƙera masa makami, ya sauka Daura da dare a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya je ya sare kan abin da ke cikin rijiya, ya auri Daurama. Za ka kuma ga inda suka saɓa. Wani ya ce maciji, wani ya ce macijiya. Wani ya ce wuƙa, wani takobi. Wasu sun ambaci takalmin da ya bari a bakin rijiya, wasu ba su san da shi ba. Inda suka haɗu shi ne ƙashin bayan labarin, kada ka karya shi. Inda suka saɓa nan ne ƙofarka.

Mataki na biyu shi ne ya fi cin lokaci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Ka raba takarda gida uku: abin da aka ambata, aikin da yake yi a labarin, da abin da yake alamtawa. Ka fara da gida na biyu, domin ma'ana daga aiki take fitowa. Wanda ya fara da ma'ana yakan ɗora wa abu abin da bai ɗauka ba.

Ɗauki rijiyar. Aikinta shi ne ta shayar da gari, don haka duk wanda ya riƙe ta ya riƙe garin. Juma'a kuma ƙa'ida ce: macijiyar ba ta hana ruwa ɗungurungum ba, rana ta ware. Wannan bambanci ƙarami ne a ido, amma a kansa za ka gina komai. Sai sunanta, Sarki, a garin da mata ke mulki, Daurama kuwa ita ce ta ƙarshe a jerinsu. Wanda ya kashe ta aka kira shi Makas-Sarki, kuma daga ɗansa Bawo sarauta ta koma hannun maza. Kan da ya yanke ya ɓoye, shi kuma shaida ce, domin da gari ya waye masu cewa su suka yi kisan sun yi yawa. Makamin ma abin dubawa ne: baƙon ne ya yi sara, amma ƙarfen na 'yan ƙasa ne. Har sunan Bayajidda ana fassara shi da "ba ya ji da", wato mutumin da bai san yaren gari ba. Ka lura da wannan: wanda bai ji Hausa ba ne ya karya dokar da aka faɗa masa da Hausa.

Idan ka cika layi shida ko bakwai, ya isa. Ka ja layi a ƙarƙashin uku da ba za ka taɓa ba. A nan, rijiya da Juma'a da kai.

Mataki na uku, ka canja abu ɗaya tak. Ba biyu ba. Idan ka mai da macijiyar mutuniyar kirki, ka mai da Bayajidda ɓarawo, ka kuma kai su Kano ta yau, mai karatu ba zai san me zai kwatanta da me ba, sai labarin ya zama baƙo mai tsofaffin sunaye. Bari mu canja dalili kawai. A ce idon ruwan Kusugu a hankali yake tsattsafowa, kwana shida yake ɗauka kafin rijiya ta cika, kuma macijiyar ce kaɗai ta san haka domin a ƙasa take kwana.

Daga nan ka riƙa tambayar kanka "sai me?" har sau biyar, kana rubuta amsa. An kashe ta, sai me? Gari ya yi ta ɗiba dare da rana. Sai me? A kwana na huɗu guga ya fara hawowa da laka. Sai me? Mata suka fara faɗa a bakin rijiya, masu ƙarfi suna ture tsofaffi. Sai me? Dole a sa doka. Sai me? Wanda ya kashe Sarki shi ne zai tsaya a bakin Kusugu da makami a hannu, yana cewa ba a ɗiba sai Juma'a. Ka ga labari ya samu ba tare da an ƙara ko tauraro ɗaya ba. Idan ka kai tambaya ta uku amsa ta ƙare, canjin da ka zaɓa ado ne kawai, ka koma takardarka mai gida uku ka zaɓi wani.

Wani kuskure da ake yawan yi a nan shi ne wanke mugu fes. Macijiyar da ba ta da laifi ko kaɗan ba ta da daɗin karatu. Ka bar mata abin da ya sa aka tsane ta: ta san gaskiya amma ba ta taɓa yi wa kowa bayani ba, kuma akwai yaron da ƙishirwa ta kashe ranar Laraba tana ji.

Mataki na huɗu, murya. Ka tambayi abin da tauraron yake iya gani da ji daga inda yake, ka tsaya a kansa. Wadda ke ƙasan rijiya ba ta ganin kasuwa ko fada. Ga misali:

"Sama a wurina faifai ne na haske. Mutane ba su da fuska, hannuwa ne da igiya. Na san Ayana da gugarta mai faci uku, tana sauke ta a hankali kamar mai sallama. Igiyar daren nan ba ta yi sallama ba."

Ba a ce tana jin tsoro ba, ba a ce baƙo ya zo ba, amma duk an ji. Ka rubuta sakin layi uku irin wannan a matsayin gwaji kafin ka shiga labarin. Idan muryar ta fara magana kamar malamin tarihi, ka goge.

Mataki na biyar, shuka alama. A gajeren labari mai kalmomi 1,500 zuwa 2,000, alama biyu sun isa, kowace ta fito sau uku, kuma kowane fitowa ta zo da sauyi. Guga cike da ruwa garai-garai a farko, da laka a tsakiya, a ƙarshe kuma rataye a ƙofar fada ba mai taɓa shi sai da izini. Kada ka taɓa rubuta "wannan guga yana nufin mulki". Da zarar ka fassara alama ka kashe ta, kamar mai ba da kacici-kacici ne ya haɗa da amsa.

Ga masu zane, ku fara da inuwa, baƙi ƙirin ba tare da zanen ciki ba. Idan ba a gane macijiya ce a rijiya daga inuwar ba, launi ba zai cece ta ba. Ku guji aro fukafukai da hura wuta daga dodon almarar Turawa. Shi zinariya yake gadi a kogo, tamu ruwa take gadi, kuma jikin da zai zauna a rijiya dole ya zama dogo mai naɗewa. Launi uku sun wadatar: baƙin laka, shuɗin baba, da jan ƙasa. Mutanen gari a sa musu saƙi, ba shadda da leshi ba.

Mataki na shida, tace kayan zamani. Galibi ana danganta labarin da wajen ƙarni na 10, saboda haka Ayana ba za ta ba baƙonta masara ko rogo ko gyaɗa ba, miyarta kuma ba tumatir ba barkono. Duk waɗannan daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Ka ba ta gero da dawa, fura da nono, yajinta kuma masoro da kimba. Guga na fata ne ko na ƙwarya. Bindiga ba ta da wuri.

Akwai kuma abin da ya wuce kaya. Kusugu tana nan a Daura ana ziyartarta, masarautar tana nan, kuma akwai mutanen da wannan labari asalinsu ne. Ka sa layi ɗaya a saman aikinka cewa ƙirƙira ce a kan labarin gargajiya. Idan Bagwariya, ƙwarƙwarar Bayajidda kuma uwar ɗansa Karɓagari, ka zaɓa a madadin macijiya, kuma ta cancanci a ba ta baki, ka sani laƙabin "Banza Bakwai" da aka liƙa wa zuriyarta yana yi wa mutane ciwo har yau. Ka sa shi a bakin wani tauraro a ji nauyinsa, kada ya fito daga bakinka kai mai ba da labari.

Kafin ka saki, ka ba mutum biyu su karanta: wanda ya san labarin tun yana yaro, da wanda bai taɓa jin sa ba. Na farko ka tambaye shi a wane layi ya gane ka kauce daga asali. Idan ya wuce shafin farko bai gane ba, ka jawo canjin gaba. Na biyu ka tambaye shi me ya sa macijiyar take hana ruwa. Idan ya kasa faɗa, kada ka ƙara bayani, ka ƙara fage ɗaya a ƙasan rijiya, ranar Asabar da asuba, tana kallon ruwa yana tsattsafowa daga yashi bai ko rufe mata wutsiya ba.