Idan ambaliya ko guguwa ta same ka a Amurka, kira masu katin bashinka kafin ranar biya

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan Damagaram da ba ku daɗe da sauka Amurka ba, na Greensboro da na Bronx da waɗanda tuƙi ya kai Houston ko Atlanta, da ku iyaye da ke gida Zinder masu yara a can, dan Allah ku tura musu wannan. Maganar katin bashi ce, kiredit kad ɗin nan da banki ke miƙo maka bayan ka buɗe asusu, kowa ya ce karɓa ka gina suna. Ana koya wa baƙo yadda zai karɓa da yadda zai goga shi a shago, amma ban ga mai zaunar da shi ya gaya masa abin da zai yi ranar da ruwa ya shiga ɗaki, wuta ta ɗauke sati guda, wurin aiki ya rufe, ga kuma ranar biya ta matso ba.

Kada ka ce ai ni ba a bakin teku nake ba. Guguwar Helene a Satumban 2024 ta Florida ta shigo amma ɓarnarta ta kai har duwatsun yammacin North Carolina, garin Asheville da ke nesa da teku ya yi makonni ba ruwan famfo mai shayuwa, mutum sama da 200 suka rasu a jihohin da ta ratsa. Ruwan Ida a 2021 ya kashe mutane a New York cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, irin waɗanda baƙo ke kamawa saboda arha. Houston kuwa har yau ba su manta Harvey ta 2017 ba. Lokacin guguwa a can daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba.

A watan da Helene ta yi wannan ɓarna ruwa ya kada mana tsohon masallacin Birni, gidajen laka da yawa suka zube, kuma duk wanda ya tashi a garinmu ya san yadda ake yi a irin wannan lokaci. Wanda katangarsa ta faɗi, mai shagon da ke binsa kuɗin shinkafa a kasuwar Dole ya gani da idonsa ko an ba shi labari a fada, ba zai tambaye shi ba, sai ma ya zo jaje ya ce bari sai ka warware. Toh wannan tarbiyyar muke tafiya da ita, sai mutum ya yi shiru yana ganin ai duniya duk ta ga abin da ya faru a talabijin, su ma sun sani, ga kunyar ɗaga waya ka ce ba ni da shi. Wallahi wannan shirun shi ke cutar da mutanenmu. Mai binka a can kwamfuta ce, ranar biya na wucewa za ta ɗora tara, kamar dala 30 zuwa 40, wajen jikka 20 ke nan na sefa. Wasu bankuna kan yafe tarar da kansu a yankin da gwamnati ta ayyana bala'i, amma kada ka dogara da haka, mafi yawan sassauci sai ka buɗe baki ka nema.

Tarar ma ƙarama ce. Idan ka kai kwana 30 ba ka biya ba, banki na da damar kai sunanka wurin kamfanoni ukun nan masu riƙe tarihin bashin kowa, Equifax da Experian da TransUnion, kuma wannan tabon shekara 7 yake yi a rubuce. Makinka na FICO, wato makin da ke nuna yadda kake biyan bashi, da ke tsakanin 300 da 850, kashi 35 cikin 100 nasa daga biya a kan lokaci ake lissafa shi, kai kuma sabon zuwa ne, tarihinka ɗan guntu, latti ɗaya zai yi maka illa fiye da wanda ya shekara goma yana biya. Da wannan makin mai gida ke duba ka kafin ya ba ka haya, da shi ake ba da bashin mota, kaga mutumin da ruwa ya kora daga ɗaki shi ne ya fi kowa buƙatar makinsa ya tsaya lafiya don gobe zai fita neman wani ɗakin. In ka kai kwana 60 kuma za su iya ɗaga maka kuɗin ruwa ya doshi kashi 30.

Saboda haka da zarar kai da iyalinka kun tsira, waya ta samu caji, kira. Lambar da ke bayan katin za ka kira, in katin ya tafi da ruwa ka duba cikin manhajar bankin ko tsohuwar takardar bil. Na'ura ce za ta fara ɗauka ta yi ta jero maka danna kaza danna kaza, ka yi ta cewa "agent" har ta haɗa ka da mutum. Layi zai yi tsawo tunda garin duk kira ake, ka sa waya a sifika ka yi haƙuri, da sassafe ya fi sauƙi. In turancinka bai zauna ba kada ka ji nauyi, ka ce a haɗa ka da tafinta, na faransanci ya fi saurin samuwa a kan na Hausa, kuma wanda ya yi lakwal a gida zai ji. In ɗan uwa ne zai yi magana a madadinka dole kana kusa, sai ka tabbatar musu kai ne, ka ce ka yarda, sannan za su saurare shi.

Kada ka fara da dogon labari tun daga yadda hadari ya haɗo. Faɗi sunan guguwar, faɗi lambar unguwarku ta gidan waya, ka ce abin ya taɓa gidanka ko aikinka, kana son taimakon da suke ba waɗanda "disaster" wato bala'i ya shafa, ko a tura ka sashen "hardship" na masu matsin kuɗi. Waɗannan kalmomi biyun ka riƙe su, don ma'aikacin farko sau da yawa takarda yake karantawa, sai ya ji su zai buɗe shafin da ya dace. Ka nemi a yafe tarar latti, a ɗage maka biya wata ɗaya ko biyu, a rage ƙaramin biyan wata, a rage kuɗin ruwa, a aiko sabon kati cikin gaggawa kyauta. Ba duka za su ba ka ba, kowane banki da nasa tsari, amma wanda bai tambaya ba ba ya samun ko ɗaya.

Inda nake so ka natsu sosai shi ne lokacin da ya ce maka shi ke nan an ɗage. Daɗi zai kama ka ka yi ta godiya ka kashe waya, a'a tsaya tukuna. Tambaye shi, a watannin da aka ɗage kuɗin ruwa na ci gaba da hawa ko ya tsaya? Yawanci yana hawa, kuma mu da yawa daman saboda gudun riba muke biyan bil gaba ɗaya duk wata, toh ka san abin da ka shiga, in kana da ɗan abu a hannu ka rage bashin ko da an ce ba dole. Tambaye shi bayan wa'adin ya cika a dunƙule za ka biya ko za ka koma yadda ka saba. Tambaye shi za a rufe katin ko a rage iyakar abin da za ka iya ci, don wasu shirye-shiryen sassaucin haka suke, kai kuma wataƙila da katin kake sayen mai da abinci a kwanakin. Sai babbar tambaya, me za ku rubuta wa kamfanonin ukun nan a kaina? Abin da kake so ka ji shi ne za a nuna asusunka ba latti. Akwai kuma alamar AW da banki ke iya saka wa asusun wanda bala'i ya shafa, ba ta goge bashi amma duk wanda ya duba zai ga dalili, ka roƙa a saka.

Kuma duk wannan ka rubuta. Sunan wanda ka yi magana da shi, rana, ƙarfe nawa, abin da ya yi alkawari, da lambar da suke ba kowane kira. Ka ce a turo maka ta imel ko ta saƙon cikin manhaja. Mu mun saba maganar dattijo ta isa, amma wanda ya ɗauki wayarka yau ba shi zai ɗauka gobe ba, na sha ganin ɗan uwa an yi masa alkawari a baki, wata na zagayowa ga tara a bil, ya sake kira a ce babu komai a rubuce. In haka ta faru kada ka yi faɗa da yarinyar da ke kan layi, ba ita ta yi ba kuma ikonta kaɗan ne, karanto mata abin da ka rubuta ka ce a ba ka na sama da ita. In an ƙi gyarawa akwai hukumar CFPB ta gwamnatin tarayya mai kare masu hulɗa da bankuna, ana shigar da ƙara a shafinta kyauta, kamfani kan amsa cikin kwana 15. Bayan wata ɗaya ko biyu ka shiga annualcreditreport.com ka duba da idonka ko an saka maka latti, shi ma kyauta ne.

In ka saita katin yana cirar kuɗi da kansa daga asusunka duk wata, ka tuna da shi, albashi ya tsaya asusu ya bushe, zai je cira ya tarar babu, tara biyu ke nan. Ka canza adireshi a banki da gidan waya in ka koma wurin wani. Ka kuma duba bil layi layi, otal ɗin da ka fake ya cire sau biyu ko wani caji da ba ka sani ba, doka ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko bil ɗin ka yi ƙorafi a rubuce.

Cire tsabar kuɗi da katin bashi a na'ura kuwa ka guje shi iya ƙarfinka, akwai lada da suke yanka nan take kamar kashi 3 zuwa 5, kuɗin ruwansa ya fi na sayayya kuma daga ranar yake fara hawa. Tura kuɗi gida da katin ma sau da yawa haka ake lissafa shi. A nan nake roƙon iyayenmu da yayyenmu na Zinder, in kun ji an yi guguwa a inda yaronku yake, ku ɗaga masa ƙafa wata biyu, ba zai iya buɗe baki ya ce Baba ba ni da shi ba, sai ya ci bashi mai tsada ya turo ku ɗauka lafiya lau yake. Kai ma ƙanena faɗi gaskiya, ba abin kunya ba ne.

Kafin ka loda komai a kati nemi taimakon da ba bashi ba. In shugaban ƙasa ya ayyana bala'i a yankinku FEMA, hukumar agajin gaggawa ta gwamnatin tarayya, na buɗe rajista a disasterassistance.gov, yawanci kwana 60 ake bayarwa, mai katin zama na dindindin ya cancanta, wanda ba shi da takardu ma in yana da ƙaramin yaro ɗan ƙasa a gidan ana iya nema da sunan yaron. Red Cross na ba da wurin kwana da abinci, lamba 211 kuma za ta nuna maka taimakon da ke kusa. Ɗauki hoton ɓarnar kafin ka share, ajiye rasit na komai.

Ɓarayi ma lokacinsu ke nan. Za a kira ka a ce daga bankinka ne ko daga FEMA, an ga bala'i ya same ka za a yafe maka bashi, kawo lambar kati da lambobin da aka turo maka yanzu a waya. Kashe wayar. FEMA ba ta karɓar ko sisi don rajista, kuma duk mai cewa daga banki yake, ka ce masa za ka kira da kanka, ka juya katin ka buga lambar da ke baya. Tun yau ma da ba abin da ya faru ka kwafe wannan lambar a takarda ka saka cikin leda tare da fasfo da katin zamanka, ka kuma tura wa wani ɗan uwa da ke wata jihar ya ajiye maka.