Darasi na 7: Shan Maganin Taɓin Hankali a Gida

Taɓin hankali cuta ce da ake yi wa magani a asibiti. Akwai asibitocin tarayya na masu wannan larura a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato, ga kuma na Dawanau a Kano. Likita ne kaɗai ke zaɓen magani da yawansa. Aikin mutanen gida shi ne su ga an sha shi daidai.

Mai ciwon damuwa, wanda barci da abinci da walwala suka ƙaurace masa, akan ba shi amitriptyline ko fluoxetine. Haka za ku ga sunayen a jikin kwali. Ba sa aiki nan take. Sai an yi mako 2 zuwa 4, wani lokaci har 6, kafin a ga sauƙi. A nan mutane da yawa ke karaya, su ce magani bai karɓe su ba. Bayan an samu lafiya ma, akan ci gaba da sha na wata 9 zuwa 12. Amitriptyline na sa barci da bushewar baki, shi ya sa ake shan sa da dare. Idan aka sha da yawa yana iya kisa, don haka in maras lafiya na zancen ya gaji da duniya, wani babba a gidan ya riƙe maganin, ya riƙa miƙa masa na kowace rana, a kuma sanar da likita.

Mai jin muryoyi ko zargin ana bin sa da sharri, akan ba shi haloperidol, chlorpromazine, risperidone ko olanzapine. Wanda ke yawan tsallake ƙwaya ana iya mayar da shi kan allura duk mako 2 zuwa 4.

Ku lura da wannan sosai. Haloperidol kan sa jiki ya sandare, hannu na rawa, yawu na dalala. Wani wuyansa zai karkace, idanu su kafe sama, harshe ya yi nauyi. Masu jinya sukan firgita su ce iska ce ta tashi. Aikin maganin ne a jijiyoyi, kuma yana da makari. A koma asibiti a ranar. Likita zai rage ƙwayar ko ya ƙara Artane, maganin da ke rage sandarewar. Kada a saye shi a kemis da ka, don masu shaye-shaye ma na neman sa. In sandarewar ta zo da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa, a dakatar da maganin, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Olanzapine na buɗe ciki da sa ƙiba, sai a riƙa auna nauyi da suga. Mai shan lithium, maganin da akan ba wanda yanayinsa ke juyawa tsakanin tsananin damuwa da tsananin zumuɗi, ya yawaita shan ruwa, musamman da bazara, ya kuma je gwajin jini. Gudawa ko amai na iya sa maganin ya taru a jiki ya zama guba. Mace mai ciki, ko mai shirin ɗauka, ta faɗa wa likita tun farko, domin sodium valproate, ɗaya daga cikin magungunan da akan bayar, na illa ga ɗan tayi.

Abin da ya fi dawo da ciwo shi ne yanke magani don an ga sauƙi, ko don kuɗi sun ƙare. In kuɗi ne matsalar, a gaya wa likita, sau da yawa akwai mai rahusa. In azumi ya ƙarato, a je tun cikin Sha'aban a tambaya ko za a iya mayar da ƙwayar sahur da buɗa baki.

Aikin gida: ɗauko katin asibiti, ka rubuta ranar komawa da manyan baƙaƙe, ka manna a bangon ɗaki.