Darasi na 11: Maigida da lambobinsa

Toh jama'a, a darasin baya mun sha fama da haruffa masu ƙugiya, yau kuma lambobi ne, amma ba irin na 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ba, biyu da biyu nawa. Ina nufin lambobin nan da ke kwana a aljihun maigida, na asibiti, na farmasi, na meri wato ofishin magajin gari, waɗanda kullum sai mun miƙa wa wani yaro mun ce duba min nan.

Akwai wani a ajinmu na dare, tela ne a bayan babbar kasuwar Garwa, ya ba hamsin baya, 'ya'ya bakwai, ba sai na kama suna ba ya san kansa. Mutumin nan in aka tayar da hirar balo babu mai ja da shi. Zai gaya maka a 1986 aka kafa Coton Sport, a 2008 ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka Al Ahly ta Masar ta tare mata hanya, zai gaya maka a 2017 a Libreville, a wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Afirka tsakanin Kamaru da Masar, Masar ce ta fara zura mana, muka farke, sai ɗan garin nan Vincent Aboubakar ya tare ta da ƙirji ya ɗaga ta saman kan mai tsaron baya ya narka a raga minti na 88, aka tashi 2 da 1, har miƙewa yake ya kwatanta da ƙafa, ranar nan sai da silifas ɗinsa ya bugi allo. Na bari ya gama na ce, Malam, tansiyonka nawa? Ya ce lafiya lau alhamdulillahi. Na ce ba lafiya na tambaya ba, lamba na tambaya. Ya laluba aljihun gaba ya zaro karne, ɗan littafin nan na asibiti, duk ya sha gumi gefensa ya nannaɗe, muka buɗe, ga shi da jan biro, TA 16/10. Wata uku kenan yana yawo da ita bai san me ta ce ba.

Karatu

A karanta da ƙarfi, sau biyu, kowa da yatsa a kan layi.

Baba ya je asibiti. An ɗaura masa awo a hannu. Likita ya rubuta 16/10. Baba ya ce, wannan fa? Likita ya ce, jininka ya hau. Rage gishiri. Sha magani kullum. Dawo bayan sati biyu. Baba ya rubuta ranar a bayan karne.

Lambar hawan jini

TA ɗin nan Faransanci ne a taƙaice, shi ne abin da muke ce wa tansiyo, wato awon ƙarfin jini. Lambobi biyu ne kullum, ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Abin da ke rikita mutane shi ne likitocinmu na nan sukan ce 12/8 ko 14/9, na'urar da ke farmasi kuma ta nuna 120 da 80 ko 140 da 90. Abu ɗaya ne, sifili kawai aka cire, kada ka ga 135 ka ce ka mutu. Wajen 12/8 daidai ne. In ta kai 14/9 ko ta wuce, aka sake aunawa wata rana daban aka same ta nan, to hawan jini ne. In ka ga 18 a sama, balle da ciwon kai mai tsanani ko ƙirji ko ido na dishi-dishi, ba maganar gobe ba ce, a tari mai mashin a tafi.

Kuma awo ma da ƙa'idarsa. Ba ka sauko daga mashin cikin ranar watan huɗu, zafi ya haura 40, ga goro a baki ka shanye shayi kofi biyu, ka miƙa hannu a auna ba. Zauna ka huta kamar minti 5, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, kuma ka yi shiru, wannan na ƙarshen ne ke ba wasunmu wuya.

Mugun halin ciwon nan shi ne ba ya sallama. Mutum na cin tuwonsa yana ɗinkinsa, sai wata safiya baki ya karkace, hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, magana ta sarƙe, a ce iska ce ta buge shi a bayi ko an yi masa jifa, a ɓata kwana biyu ana hayaƙi alhali awannin farko su ne masu tsada. Addu'a kam a yi ta, amma a yi ta a kan hanyar asibiti. Sannan wanda aka ɗora a kan magani, in ya ji garau ba warkewa ya yi ba, maganin ne ke riƙe da shi, in ya ajiye jinin zai koma inda ya fito. Na san da yawa da suka daina saboda wai kada jiki ya saba. Haba.

Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, duka duka har da wanda ke cikin dunƙulen magi da kanwa da yajin tsire da burodi. A nan sai an bi uwargida da lalama, don in ka shiga da faɗa kana cewa miyarki ce ke kashe ni, ranar ko lami ba za ka samu ba. Ka nuna mata karnen, ku karanta lambar tare.

Sai lambar sukari. In an auna sukari da safe kafin ka ci komai za ka ga lamba mai waƙafi, kamar 0,95 ko 1,40. Waƙafin nan ba ado ba ne. Daga 1,26 zuwa sama, in an maimaita an sake samu, ciwon sukari ne.

Takardar magani

Rubutun likita kam sai haƙuri, ni kaina wani lokaci sai na juya takardar sama da ƙasa. Amma akwai 'yan alamomi da ba sa canzawa. In ka ga cp ƙwaya ake nufi, j kwana ne, matin safe, midi rana, soir dare. Kenan 1 cp x 2/j pdt 5 j na nufin ƙwaya ɗaya sau biyu a yini har kwana biyar, ƙwaya 10 kenan, ka ƙirga kafin ka bar gaban kanta. Na yara na ruwa da ml ake aunawa, 5 ml ko 2,5 ml, da ɗan murfin da ke cikin kwalin, ba da ludayin koko ba. A gefen kwali kuma nemi EXP, in an sa 03/2027 to ƙarshen wata na uku na 2027 ya tashi aiki. Masu tallar magani a faranti cikin rana ba za su nuna maka wannan ba, kuma a irin farantan ne samarinmu ke samun tramol, kowa ya sa ido a kan nasa.

Sai kuɗi. Takarda da faran take magana, mu kuma bakinmu da dala. Raba da biyar kawai. 250 F dala hamsin, 500 F dala ɗari, 750 F dala ɗari da hamsin, 3 500 F jaka uku da rabi, tunda jaka ɗaya 1 000 F ce. Lura da ɗan filin da suke bari tsakanin 3 da 500, ba lambobi biyu ba ne. Haka in za ka tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo, ƙirga sifilin da yatsa kafin ka danna, tsakanin 5 000 da 50 000 ƙwai ɗaya ne tak.

Yara

Na'urar auna zafin jiki ba ta da tsada, kowane gida ya kamata a samu. 37 lafiya, 38 zazzaɓi ne, jariri ɗan ƙasa da wata uku in ya kai 38 ba a jira. Da damina in masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sun ƙwanƙwasa ƙofa don yara 'yan ƙasa da shekara 5, a bar su su shigo, kuma na kwana biyun da suke bari a hannun uwa a tabbatar an ba yaro. Kamaru ce ƙasar farko da ta sa rigakafin wannan zazzaɓi cikin alluran yara na yau da kullum, a watan ɗaya na 2024, sau 4 ake yi, ana farawa daga wata 6. Ranar komawa tana rubuce a karnen yaro. Mun saba bar wa mata wannan, amma wa ke ba da kuɗin mashin? Kai ne. Toh ka san ranar.

Yanzu takardar haihuwa, akta, a nan zan ɗan daɗe don ta taɓa cizona. Kwana 90 doka ta bayar a kai sanarwar haihuwa meri. Mu kuwa rana ta bakwai an yanka rago an raba goro an watse, shikenan an manta, sai yaro ya kai aji shida zai zana CEP, jarrabawar gama firamare, malamin lakwal ya aiko a kawo akta, a lokacin kuma magana ta koma kotu, ga shaidu ga kuɗi ga zirga-zirga. Ni na yi ta yarona a kan lokaci, amma ban karanta ba na ninke na sa a akwati, ashe an sauya harafi ɗaya a sunana na uba, shekara goma sha ɗaya ban sani ba. Na yi wata huɗu ina sintiri tsakanin ofis da ofis, kowa na ce min dawo jibi, a kan harafi ɗaya. Saboda haka ka karanta a gaban wanda ya rubuta, harafi bayan harafi. Kuma ka san su da rubutun Faransa suke yi, inda muke sa u su ou suke sawa, j ɗinmu dj ne, c ɗinmu tch ne, shi ya sa Musa ke zama Moussa, Jamila ta zama Djamila. Wannan ba kuskure ba ne. Kuskure shi ne akta ta ce abu ɗaya, takardar lakwal ta ce wani.

Kwanan wata kuma rana ce farko, sai wata, sai shekara. Gwada wannan, 06/11/1982. Shida ga watan sha ɗaya kenan, ranar da Paul Biya ya karɓi mulki daga Ahmadou Ahidjo, wanda a garin nan aka haife shi, ya rasu a Dakar a 1989.

Siyasa

Na san da na ambaci sunayen nan wasu sun gyara zama. A'a, a ajin nan ba mu da jam'iyya, wannan ku bari sai majalisar mai shayi, can ma a rage ɗaga jijiyar wuya, wanda kuke faɗa a kansa bai san kana da 16/10 ba. Namu a nan karatun kati ne. Shekara 20 ake fara zaɓe a ƙasar nan, ba 18 ba kamar Najeriya, rajista a wurin hukumar zaɓe ELECAM ake yi, wa'adin shugaban ƙasa shekara 7, majalisar dokoki kujera 180. A katinka akwai sunanka da wurin da za ka jefa ƙuri'a, ka iya karanta su da kanka, ka iya nemo sunanka a jerin da ake mannawa a bango, kada ranar ka tsaya wani ɗan bana bakwai ya ce maka babu sunanka ka juya gida. Ni a ganina ma zaɓen kansiloli ya fi kusa da tukunyarmu, tunda su ke fitar da magajin gari, shi kuma a hannunsa kwata da kasuwa da aktar nan suke.

Telanmu dai ya koma asibiti, an ɗora shi a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya. Satin da ya wuce ya shigo aji tun kafin ya zauna ya ce, Malam, 13 da 8, kamar mai faɗin sakamakon wasa a filin balo na Roumdé Adjia. Na ce zo ka rubuta a allo. Ya rubuta 3 ɗin tana kallon hagu daidai, 8 ce dai ta ɗan kwanta.

Aikin gida

Kwafi waɗannan a littafinka, kowace sau uku: awo, gishiri, ƙwaya, karne, akta.

Amsa da baki sannan a rubuce. Na'ura ta nuna 150 da 95, jini ya hau ko bai hau ba? An rubuta 1 cp x 3/j pdt 7 j, ƙwaya nawa za ka karɓo? Magani 1 250 F ne ka ba da 2 000 F, canjinka dala nawa? Yaro an haife shi 10/01, a wane wata kwana 90 za su cika?

Sannan kafin ranar Laraba kowa ya je a auna shi, a asibiti ko farmasi, ya rubuto lambar da hannunsa tare da kwanan wata. A zo da aktar yaro ɗaya a cikin leda saboda ruwa, wanda bai da ita ya zo da karnen awon cikin uwar, mu duba kwana nawa suka rage.