Yadda Ake Haɗa Sabulun Goge Jiki a Gida

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a Kaduna, wajen ƙarshen watan Nuwamba, fata takan bushe ta yi furu-furu, diddige da gwiwar hannu su yi kaushi, mutum ya shafa mai da safe amma kafin azahar ka gan shi kamar an barbaɗa masa toka. Dalili shi ne fatar ɗan Adam tana sabunta kanta kusan duk mako huɗu, ta saman da ta mutu tana zubewa da kanta, to idan iska ta bushe sai matacciyar ta manne ta ƙi sauka, man da aka shafa kuma ya tsaya a kanta bai ratsa jiki ba. Sabulun goge jiki sabulu ne na wanka da aka zuba wa gari mai ɗan tsaki-tsaki domin ya kankare wannan matacciyar fata a hankali. Aikin da dilka take yi wa amare ke nan, sai dai shi ba ya bukatar a zauna a yini ana murza.

Masu koyar da sana'ar sabulu da yawa da soda suke farawa, a jiƙa ta a ruwa, a haɗa da man ja ko man alaidi. Ban ba mai koyo shawarar ya fara ta nan ba. Soda tana ƙona fata, idan ta fantsama a ido tana iya makantarwa, tana bukatar awo na sikeli ba na ido ba, kuma sabulun da aka yi da ita sai ya yi mako huɗu zuwa shida yana shan iska kafin a taɓa jiki da shi. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a ɗauki sabulun da an riga an gama dafa shi, wato sabulun salo, a sake sarrafa shi.

Za a tanadi sabulun salo giram 500, da garin shinkafa babban cokali biyu, da man kaɗanya babban cokali ɗaya, da zuma cokalin shayi biyu, da ruwan ɗumi kamar rubu'in kofi. Mai sha'awa yana iya ƙara kurkum rabin cokalin shayi. Duk waɗannan ana samun su wajen masu kayan gyaran jiki a Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Wajen sayen sabulun a duba launinsa: na kirki ruwan ƙasa ne mai duhu, ga shi da ɗan gari-gari idan an gutsura, wanda kuwa ya yi baƙi wuluk yana ƙyalli sau da yawa rini aka sa masa. Da toka ake yin sabulun salo, kuma wani tokarsa takan yi yawa, saboda haka a wanke hannu da ɗan gutsure tukuna. Idan ya yi zafi ko ya sa hannu ya yi jawur, a nemi wani. Wajen kwaɓi a yi amfani da roba mai kauri ko kwanon silba. Tukunyar dalma irin wadda ake zubawa a kasuwar Panteka ta Kaduna ta yi wa tuwo daidai, amma sabulu yana cin dalma, ita kuma ta ɓata masa launi.

Mataki na farko shi ne gyaran garin, kuma a nan ne sabulun yake yin kyau ko ya lalace. A wanke shinkafa kamar rabin gwangwani, a shanya ta ta bushe ƙayau, a niƙa, sannan a tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu. Abin da ya tsaya a saman rariyar ba na sabulu ba ne, a ajiye shi don kunu. Wanda ya sauka kuma a gwada shi: a ɗebi kaɗan, a ɗiga ruwa, a murza a cikin wuyan hannu inda fata ta fi taushi. Ana so a ji shi kamar lallausan rairayin bakin kogi. Idan ya karci wuyan hannu yanzu, to haka zai karci fuska gobe. Karo na farko da na haɗa, ƙyuyar tankaɗe ta sa na zuba garin yadda ya dawo daga inji, na kuma ƙara cokali biyu a kan awo don ina ganin yawansa shi ne ingancinsa. Bayan wanka biyu wuyana ya yi ja yana raɗaɗi, musamman idan na yi gumi, sabulun kuma ya ƙare a wajen goge diddige.

Ba shinkafa kaɗai ake sawa ba. Garin kofi wanda aka riga aka dafa aka tace yana yi wa jiki kyau, amma ya fi ƙarfin fuska, kuma wajibi ne a shanya shi ya bushe sarai, in ba haka ba sabulun zai yi fumfuna. Busasshen ɓawon lemun zaƙi da aka daka aka tankaɗe yana ba da ƙamshi mai daɗi. Sukari narkewa yake yi cikin danshin sabulu kafin a kai ga amfani da shi, don haka asara ce. Ƙwallon dabino da ɓawon ƙwai kuwa, komai dakan da aka yi musu bakinsu da kaifi yake fita, gara a bar su.

Mataki na biyu, a farfasa sabulun ƙanana-ƙanana a cikin robar, a yayyafa masa ruwan ɗumin, a rufe a bar shi ya kwana. Da safe za a same shi ya yi laushi. Kada a ga kamar ruwan ya yi kaɗan a ƙara, domin sabulun salo yana shan ruwa ya koma kamar kunu, daga nan kuma ba ya sake sandarewa da wuri. Mai gaggawa yana iya zuba shi a kwanon silba, ya ɗora kwanon a cikin tukunyar ruwan zafi a kan wuta kaɗan, yana juyawa har ya saki. Ba a ɗora shi a kan wuta kai tsaye, kamawa yake yi ya ƙone.

Mataki na uku shi ne haɗawa. A narkar da man kaɗanya, a bar shi ya ɗan huce, a zuba a kan sabulun tare da zumar, a tuƙa da muciya ko a kirɓa a turmi mai tsabta har gudajin su mutu. Sai an ga ya haɗe sannan a riƙa barbaɗa garin kaɗan-kaɗan ana juyawa, don kada ya taru wuri guda. A tsaya a kan awon man, domin idan ya yi yawa yana kashe kumfa, ya bar sabulun da santsi. Haka kurkum, idan ya wuce rabin cokalin shayi zai rina soso da tawul da farata. Kwaɓin da ya yi daidai kaurinsa kamar na tuwon shinkafa ne, ana iya mulmula shi bai zube ba.

Akwai masu matsa lemun tsami a ciki da sunan ƙara haske. Tsaminsa yana karya sabulun ya rage masa kumfa, a fatar da aka goge kuma raɗaɗi yake jawowa. Mayukan bilicin da ruwan kwalabe marasa suna da ake tallatawa don a zuba a sabulu su ma a nisance su. Hasken da wannan sabulu yake kawowa na fatar da aka cire wa datti ne, ba ya sauya wa kowa launin da Allah Ya ba shi.

Mataki na huɗu, a shafa ɗan mai a cikin abin da za a zuba, ko ƙananan robobin yogot ko kofunan roba, a cusa kwaɓin a danna sosai da bayan cokali don iska ta fita. Bayan kwana biyu a juye shi a kan tire, a ajiye a inuwa inda iska take ratsawa, ana juya shi kullum. Da hunturu kwana huɗu ko biyar sun isa, amma a rufe shi da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Da damina, musamman cikin watan Agusta da ruwa ba ya ɗaukewa a Kaduna, yakan wuce mako guda, kuma za a ga yana tsattsafo da ɗigon ruwa a jikinsa. Wannan ba lalacewa ba ce, gilisarin ɗin da ke cikinsa ne yake jawo danshi daga iska. A goge shi, idan ya bushe a naɗe kowane ɗaya a leda.

Wanda ya sami sabulun gilisarin mai garai-garai a shagon masu kayan haɗa sabulu yana iya bin wannan awon, sai dai shi narkewa yake yi ya zama ruwa a kan tururi, ba a sa masa ruwa ko kaɗan. A jira ya fara kauri kafin a zuba garin, in ba haka ba duk zai nutse ya kwanta a ƙasa, gefe ɗaya ya zama dutsen goge ƙafa, ɗayan kuma babu komai. Shi cikin 'yan sa'o'i yake daskarewa.

Kafin a yi wanka da shi a gwada a cikin hannu, a jira kwana ɗaya a ga ko zai yi ƙaiƙayi. Idan lafiya lau, a yi amfani da shi sau biyu ko uku a mako, ba kullum ba. A murza shi a tafin hannu ya yi kumfa, a shafa ana zagayawa da yatsu, ba tare da soson raga ba, domin goga biyu a lokaci guda ta yi yawa. Kada a kai shi inda akwai ciwo, ko ƙurajen da suka nuna, ko kirci, kuma ba a yi wa jarirai wanka da shi. Da an fito a shafa man kaɗanya tun jiki yana da danshi, sabulun kuma a ɗora shi a mazubi mai huji inda ruwa zai tsane, don idan ya kwana cikin ruwa da safe kunu za a tarar. Wanda hannunsa ya faɗa har yake son ya riƙa sayarwa, kayan shafe-shafe da na wanka suna ƙarƙashin kulawar hukumar NAFDAC ne, sai ya nemi rajistarta kafin ya liƙa takarda ya kai shago.