Kurakuran da aka fi yi wajen tsara kiɗan bosa noba a piyano ɗaya

Bosa noba kiɗan jita ne tun asalinsa. A birnin Rio de Janeiro na Burazil ya bayyana a ƙarshen shekarun 1950, kuma salon da mawaƙi mai jita João Gilberto ya kafa mai sauƙin faɗa ne: babban yatsa na buga bas (amon ƙasa mai kauri) daidai kan bugu, sauran yatsu suna fizgar kod (amo da yawa a tare) a tsakanin bugu, murya na ɗauke da karin waƙa. Mai piyano shi kaɗai zai ɗauki aikin nan uku da hannu biyu, kuma yawancin kurakurai daga rabon aikin suke tasowa.

Na farko shi ne rangajin jaz. Wanda ya saba da jaz na Amurka yakan ja rabin bugu na farko ya gajarta na biyu. A bosa noba tsawonsu ɗaya. Ka ƙidaya "1 da 2 da 3 da 4 da" da baki, na'urar ƙidayar bugu tana kan 120 zuwa 140 a minti, har sai kowane "da" ya zauna a tsakiya cif. A Burazil da bugu biyu ake rubuta gaɓa (rukunin bugu da ake ƙidaya), littattafan jaz kuwa da huɗu, shi ya sa masu koyo ke ba kowane bugu nauyi ɗaya, kiɗan ya koma kamar faretin soja.

Sai hannun hagu mai yawan surutu. Bas na faɗuwa kan 1 da 3 ne kawai: tushen kod a 1, amo na biyar a 3, wato C sannan G idan kod ɗin C ne. An fi so G ɗin ya kasance a ƙasan C, a kuma ɗan ƙara masa nauyi, domin nan ne babbar gangar samba, surdo, take dira. Ƙaramin amon da ake sakawa gab da 3 ado ne, idan ana yin sa a kowace gaɓa sai ya gundura. Idan hannu bai kai ba, maimaita tushen ya wadatar, Gilberto ma yakan yi haka.

Babbar matsala ita ce cunkoso a ƙasa. Amo biyu masu kusanci, kamar C da E, idan aka haɗa su a ƙasan C ɗin da ke ƙarƙashin C ta tsakiya, gunji kawai suke bayarwa. Gyaran shi ne a raba kod tsakanin hannaye. A Cmaj7, ƙaramin yatsan hagu ya riƙe C, babban yatsan hagu ya ɗauki B, babban yatsan dama ya ɗauki E, sannan yatsa na huɗu ko na biyar na dama ya buga kari a sama. Amo na uku da na bakwai, a nan E da B, su ne ke bayyana kod, na biyar ana iya zubar da shi. Daga Dm7 zuwa G7 kuma ba sai hannu ya yi tsalle ba: F ya tsaya inda yake, C ya sauka zuwa B, shi ke nan. Waƙoƙin Antônio Carlos Jobim, babban mai tsara waƙoƙin bosa noba, sun dogara ƙwarai da irin wannan saukar ta rabin mataki a ciki, sau da yawa kari na nanata amo guda kod na canzawa a ƙarƙashinsa. Wanda ke tsalle daga kod zuwa kod ya ɓatar da wannan zaren. Haka kuma karin Jobim yakan zauna kan amo na 9 ko na 13 (D ko A idan kod ɗin C ne), saboda haka kar a ninka shi a tsakiya, kar kuma a ajiye wani amo rabin mataki a ƙasansa.

Akwai kuma batun riga-bugu. Idan kari ya shigo kan "da" na 4, kafin sabuwar gaɓa, sabon kod zai shigo tare da shi, bas kuwa ya jira 1. Masu koyo sukan bar tsohon kod a wurin sai ya yi karo da kari, ko su ja bas gaba sai bugun ya rikice.

Wasu sukan ɗauki tsarin bugu biyar na gaɓa biyu da mai ganga ke yi a gefen ganga, su nanata shi da kod daga farko har ƙarshe. Aikin mai ganga ke nan. A piyano, idan kari na tafiya kod ya yi shiru ko ya taɓa sau ɗaya, idan kari ya tsaya kan dogon amo sannan kod ya cike gurbin, misali a 2 da kuma "da" na 3.

Feda ta dama, wadda ake takawa don tsawaita amo, tana cinye gajerun kod. Ka ɗaga ƙafa a duk canjin kod, ko ka bar ta gaba ɗaya ka haɗa kari da yatsu. Wajen gwaji, fara da bas da kari kaɗai, ka naɗi kanka a waya ka saurara. Sai sun zauna daidai sannan ka shigar da amo na uku da na bakwai, a sanyaye, ƙasa da ƙarfin kari.