Yadda Ake Karatun Kula da Namun Daji da Albarkatun Kifi a Jami'a

Da yawa daga cikin masu neman wannan kwas son dabbobi ne yake kawo su, amma son dabbobi kaɗai ba ya kai ɗalibi ga ƙwarewa. Abin da ake horar da shi a kai shi ne ya iya ƙiyasta yawan namun dajin da ke cikin gandu ko kifin da ke cikin tafki, ya san iyakar abin da za a iya ɗiba a shekara ba tare da an karya iri ba, sannan ya iya gamsar da mafarauta da masunta da hukuma cewa lissafinsa daidai ne.

Shiri yana farawa tun daga sakandare. Ɗalibi ya dage da kimiyyar halittu da kimiyyar sinadarai da labarin ƙasa, kuma kada ya yi wa lissafi riƙon sakainar kashi, domin shi ne yake kayar da mutane a shekara ta biyu da ta uku.

Mataki na biyu shi ne zaɓen jami'a, kuma a nan sunan kwas yana iya ruɗar mutum. Wasu jami'o'in sun sa shi ƙarƙashin tsangayar aikin gona, wasu ƙarƙashin sashen gandun daji, wasu kuma sun raba namun daji daban, kifi daban. Ɗalibi ya nemi manhajar kwas ɗin ya karanta, ya bincika ko sashen yana da tafkunan gwaji, ɗakin auna ruwa, kwalekwale, da yarjejeniya da wani gandun namun daji inda ake kai ɗalibai. Mafi sauƙin hanya ita ce ya tambayi 'yan ajin ƙarshe sau nawa aka fita da su daji ko bakin ruwa. Sashen da ɗalibansa ba su taɓa jiƙa ƙafa ba, a ganina bai cancanci shekaru huɗu ko biyar na rayuwar mutum ba.

Shekarun farko na ginin tushe ne: ilimin dabbobi da na tsirrai, dangantakar halittu da muhallinsu, ingancin ruwa, da ƙididdiga. A wannan lokacin ya kamata ɗalibi ya koyi manhajar R ta nazarin alƙaluma da QGIS ta zana taswira, dukkansu kyauta ake sauke su a intanet.

Sai kuma zuciyar karatun, wato koyon ƙirga abin da ba ya tsayawa a ƙirga shi. Kifi yana ƙarƙashin ruwa, barewa tana gudu, damisa kuwa da dare take yawo. Saboda haka ake koyar da dabaru irin su bin miƙaƙƙen layi a daji ana rubuta kowace dabbar da aka gani da nisanta daga layin, ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi masu ɗaukar hoto da kansu idan wani abu ya gifta, da karanta sawu da kashi. Dabarar da kowane ɗalibi ya kamata ya iya da ka ita ce ta kamawa a yi alama a sake. Misali, an kama kifi 60 a wani tafki, aka yi musu alama aka mayar da su. Bayan 'yan kwanaki aka sake jefa taru aka kama 80, aka tarar 16 daga cikinsu suna da alamar. Tunda kashi ɗaya cikin biyar na kamu na biyu masu alama ne, to 60 ɗin farko su ma kashi ɗaya cikin biyar ne na kifin tafkin, ke nan akwai kimanin 300. Lissafin ba wuya, amma yana tsaye ne a kan sharuɗɗa: alamar ba ta goge ba, kifi bai shigo ko ya fita ba, kuma wanda aka taɓa kamawa bai koyi gudun taru ba. Malami nagari a kan waɗannan sharuɗɗan yake tsananta tambaya. Haka nan ana koyon gane shekarun kifi ta hanyar ƙirga zoben da ke jikin ɓawonsa ko a wani ɗan ƙashi da ke cikin kunnensa, domin sai an san shekarun da kifi yake fara zuba ƙwai kafin a tsayar da girman idon ragar da za a halatta.

Dalilin wannan tsanani yana cikin tarihin fannin. A shekarar 1992 gwamnatin Kanada ta dakatar da kamun kifin kod a gaɓar Newfoundland bayan kifin ya kusa ƙarewa, dubun dubatar mutane suka rasa sana'arsu. Ɗaya daga cikin musabbaban shi ne manyan jiragen kamun kifi sun ci gaba da cika raga saboda ragowar kifin yana taruwa wuri guda, sai aka ɗauka har yanzu yana da yawa. A Tafkin Victoria da ke Gabashin Afirka kuma, giwan ruwan da aka shigar a shekarun 1950 ya cinye nau'o'i masu yawa na ƙananan kifayen da babu irinsu a ko'ina a duniya.

Mataki na gaba shi ne aikin fili, a lokacin hutu ko a zangon koyon aiki. Ɗalibi ya nemi gurbi a gandun namun daji, gonar kifi ko cibiyar bincike, ko da ba za a biya shi ba. Ya riƙe littafin rubutu da fensir, domin tawadar biro tana narkewa idan ta jiƙe, ya rubuta kwanan wata, lokaci, wuri da yanayin sama a kowace fita, har ranar da bai ga komai ba, saboda rashin gani ma bayani ne. Idan zai auna iskar oksijin da ke cikin ruwa, ya fita da asuba, lokacin da ta fi ƙaranci bayan tsirran ruwa sun kwana suna shaƙarta. A irin wannan lokacin ne ake ganin kifi ya taso sama yana buɗe baki. Ya jiƙa hannu kafin ya taɓa kifin da za a mayar ruwa, don kada ya goge yauƙin da ke kare fatarsa. Ya koyi iyo, ya yi rigakafin cutar haukan kare idan zai riƙa taɓa dabbobi, kuma kada ya kama kowace dabba sai da izinin hukuma.

Kwasa-kwasan doka da zamantakewa ba na cike gurbi ba ne. Dole ɗalibi ya san yarjejeniyar CITES da aka sa wa hannu a Washington a 1973 don tsara cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 kan fadamu da wuraren dausayi, da jerin halittun da ke cikin haɗari na ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN. Ya kuma koyi zama da mutane ya saurare su, domin manomin da giwaye suka tattake wa gona a dare ɗaya ba zai ji wa'azin kare giwa ba sai an kawo masa mafita. A Kenya an gwada kewaye gonaki da amyoyin ƙudan zuma, tunda giwa tana gudun ƙudan zuma, manomi kuma ya samu abin sayarwa. Tsohon masunci ma sau da yawa ya fi littafi sanin inda kifi yake zuba ƙwai.

A shekarar ƙarshe sai aikin bincike. Ɗalibi ya zaɓi ƙaramar tambaya guda da zai iya amsawa da kayan da ke hannunsa, kamar tsawon kifin da ake fitarwa a tashar masunta ɗaya cikin wata shida, kuma ya fara tattara bayanai da wuri, domin idan lokacin hayayyafa ko ƙaurar tsuntsaye ya wuce sai wata shekarar. Wannan aikin ne zai nuna wa hukumomin gandun daji, ma'aikatun kifi da ƙungiyoyin kare muhalli idan ya je neman aiki, kuma shi ne malamai suke fara dubawa idan ya nemi gurbin digiri na biyu.