Yadda ake tsallakar da karfasa daga sanyin Murabba'aniyya

Duk ɗan'uwan da ke aikin gonar kifi a Kharj ko Ƙasim da ke Saudiyya ya san Murabba'aniyya, kwanaki 40 ɗin nan na tsananin sanyi da ke kamawa a farkon Disamba. A lokacin ne karfasa ke lafewa a ƙasan tanki, ta ƙi abinci, a wayi gari wasu sun taso saman ruwa a mace. Da yawa cuta suke zargi, alhali sau tari gishirin jikinta ne ya zube.

Jinin kifin ruwan daɗi yana ɗauke da gishiri kusan giram 9 a kowace lita, fiye da na ruwan da yake iyo a ciki nesa ba kusa ba. Don haka kullum ruwa na kutsawa jikinsa ta jan naman gefen kai da yake numfashi da shi, gishiri kuma na zurarewa ta nan. Kifi na fitar da ruwan ta yawan fitsari, wasu ƙwayoyin halitta a wurin numfashin kuma suna janyo gishiri su mayar cikin jini. Aikin nan ƙarfi yake ci. Sanyi na kashe masa gwiwa, zurarewar kuwa ba ta tsayawa, sai jini ya tsinke, kifi ya kasala.

Fara da ma'aunin zafi. Auna ruwan da asuba, ba da azahar ba. Karfasa ta fi walwala tsakanin digiri 25 zuwa 30. Ƙasa da 20 cinta na raguwa, to kai ma rage abinci, ka bayar da tsakar rana kawai. Wajen 16 ka dakatar, don abin da ba ta ci ba ruɓewa zai yi. Idan ruwa ya kwana biyu a kusa da 11 ko 10, mutuwa ce ke biyo baya.

Sai ka tsare ɗumin. Ƙara zurfin ruwa, ka rufe tanki da ledar rumfar kayan lambu kafin magariba, amma ka bar injin iska yana aiki. Ruwan rijiyar burtsatse kan fito da ɗumi, saboda haka idan za ka sauya ruwa, ka shigar da shi a hankali da dare.

Yanzu batun gishiri, inda aka fi yin ganganci. Ƙara shi a ruwa yana rage tazarar da ke tsakanin jini da ruwan, sai kifi ya huta da wahalar janyowa. Amma ka fara auna ruwanka, domin rijiyoyi da dama a yankunan nan da ma da ɗan zartsi suke fitowa. Idan ruwan ba shi da gishiri, giram 3 a lita ya wadatar, wato kilo 3 a kowace lita 1,000. Gishirin buhu marar aidin za ka nema. Narkar da shi a bokiti, ka zuba kashi-kashi cikin kwana biyu ko uku. Kada ka juye shi a lokaci guda, don Allah.

Ka bar raga ta huta. Kamawa da tantancewa a cikin sanyi suna goge yauƙin jikin kifi, gishiri ya ƙara zuba, fumfuna mai kama da auduga ta samu ƙofa. Ko mai gona ya matsa a kwashe zuwa wani tanki, ka roƙe shi a jira ruwa ya haura digiri 20. Duk lokacin da ka sauya ruwa kuma, ka lissafa gishirin da ya fita ka mayar da daidai shi.